Daren da abokin ɗaki ya dawo a buge: me kuka yi?

Mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai:

Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina kula da ɗakunan kwanan ɗalibai maza a wata jami'a, kuma wani dare a farkon zangon da ya wuce ne ya sa na buɗe wannan zance. Wajen ƙarfe biyu wani yaro ɗan aji ɗaya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, jikinsa na rawa, ya ce abokin ɗakinsa ya ƙi tashi. Na tarar da shi kwance rigingine a ƙasa, takalmi a ƙafa ɗaya, amai ya bushe a gefen bakinsa, jikinsa sanyi ƙalau, yana wani irin minshari mai yankewa. Ashe tun ƙarfe goma sha ɗaya yake a haka, su huɗu suna tsaye a kansa suna gardama, kowa yana tsoron kada a kore su gaba ɗaya. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma awa ukun nan sun tsaya mini a rai. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani da abin da ya yi amfani.

Ma'aikaciyar jinya a asibitin jami'a:

Malam, abin da ka kwatanta shi muke gani, kuma kusan kullum a makare ake kawo mana su. Abokai kan ce a bar shi ya yi barci zai wartsake, ba su san cewa barasar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini bayan ya daina sha ba, don haka wanda aka kwantar yana magana zai iya zama wanda ba ya motsi bayan awa guda. Hanta tana sarrafa kimanin giram 10 na tsantsar barasa ne a awa, kuma babu kofi ko wankan ruwan sanyi da zai sa ta yi sauri. Ruwan sanyin ma ƙara saukar da zafin jiki yake yi. Na taɓa karɓar wata ɗaliba da ƙawayenta suka jiƙa ta sharkaf suna ganin taimakonta suke yi. Idan an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa ya gaza sau 8 a minti, ko yana ɗaukewa na daƙiƙa 10, ko yana amai bai farka ba, a kwantar da shi ta gefe domin kada aman ya shaƙe shi, a kira motar asibiti nan take, kuma kada a bar shi shi kaɗai. A kuma gaya mana gaskiya idan ya haɗa da tiramol ko kodin, domin su da barasa duk suna danne numfashi.

Tsohon ɗalibi:

Ni ne wanda aka taɓa kwantarwa. Na fara sha a makonnin farko na aji ɗaya, lokacin da ban san kowa ba, ga kewar gida, ga 'yancin da ban saba da shi ba. Abin da ya ja ni, a gaskiya, zaton da nake yi ne cewa kowa yana sha, saboda mutum biyar ɗin da ke sha a benenmu su ne masu hayaniya, sauran kuwa suna ɗakunansu shiru. Bayan shekaru na karanta cewa wasu masu bincike biyu, Perkins da Berkowitz, sun nuna tun 1986 a Amurka cewa ɗalibai kan ɗauka takwarorinsu suna sha fiye da yadda suke sha a zahiri, kuma wannan zato yana ƙara tura su. Da na farka a asibiti da ledar ruwa a hannuna, abokin ɗakina na zaune a kan kujera bai runtsa ba. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi: "Jiya na ɗauka gawarka zan kai gida." Daga ranar shi ne yake jana zuwa filin ƙwallo duk yammar da ya ga na fara neman waɗancan abokan.

Jami'ar ba da shawara ga ɗalibai:

Ɗan'uwa, na gode da ka fito ka faɗi wannan, domin ba abu ne mai sauƙi ba. A farkon aikina na dogara da babbar lacca a makon karɓar sababbin ɗalibai, muna nuna hotunan hantar da ta lalace, su kuma suna duba wayoyinsu. Ɗan shekara goma sha takwas ba ya jin tsoron ciwon da zai zo masa yana da hamsin. Abin da ya canza mini aiki shi ne zama da ɗalibi ɗaya a rufe ƙofa. Ina amfani da AUDIT, tambayoyi 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, inda maki 8 zuwa sama ke nuna shan da ke da haɗari, sannan in bi salon BASICS da Alan Marlatt da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a Jami'ar Washington, wato zama biyu ba tare da zargi ba. Wani ɗalibi da ya shigo yana cika yana batsewa, da muka lissafa laccocin safe da ya rasa a wata ɗaya, sai ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce bai taɓa haɗa abubuwan biyu ba. Game da tsoron kora kuwa, Jami'ar Cornell da ke Amurka ta kafa ƙa'ida a 2002 cewa ɗalibin da ya kira taimako domin wanda ya bugu ba zai fuskanci hukuncin da aka saba ba, sai dai a tura wanda ya sha wurin masu ba da shawara.

Malami a tsangayar shari'a:

Hajiya, na zauna a kwamitin ladabtarwa, kuma da farko na ƙi irin wannan sassauci, ina ganin zai zama lasisin sha. Har yanzu ina riƙe da cewa wanda ya tuƙa mota a buge, ko ya ci zarafin wata, ko ya tilasta wa ƙaramin ɗalibi sha da sunan shiga ƙungiya, dole ya fuskanci hukunci. Amma na sa hannu a takardar dakatar da wani yaro wanda laifinsa kawai shi ne an gan shi a wurin, alhali shi ne ya goyo abokinsa zuwa asibiti. Duk benensu sun ji labarin, kuma na san darasin da suka ɗauka. Har gobe wannan sa hannu yana damuna.

Mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai:

Na gode muku ƙwarai. Malama, alamomin da kika lissafa zan rubuta su da manyan baƙaƙe in manna a bayan kowace ƙofa tare da lambar asibiti, kafin sababbin ɗalibai su iso. Maganar ƙa'idar kiran taimako kuma zan kai ta gaban shugaban harkokin ɗalibai a wannan mako, kuma Malam, idan ka amince, ina son in ba su labarinka kamar yadda ka faɗe shi, ba tare da na ambaci sunan kowa ba.