Neman kalma: gwajin da ba ya ɓata guringuntsi

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Ina koyar da ilimin halittu a Birnin Kebbi, an roƙe ni in yi bayani da Hausa a kan gyaran gwiwa na zamani, sai na zo wani wuri na cije. Turawa suna cewa nondestructive testing. Mu me za mu ce?

Bari in fara faɗin inda kalmar ta taso. Guringuntsi dai kun san shi, farin abin nan mai santsi da muke gurgura a kan ƙashin cinyar kaza. Shi ne shimfiɗar da ke hana ƙashi gugar ƙashi a gwiwa. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa ba ya warkewa yadda ya kamata. Ƙashi ya karye, masu ɗorin Aliero su ɗora, ya haɗe. Guringuntsi kuwa in ya zaizaye, da wuya ya dawo. Tun 1743 likita William Hunter ya rubuta haka a Landan. Innata yau a kan kujera take sallah saboda gwiwa, don haka maganar ba ta littafi ba ce kawai a wurina.

A 1994 likitoci a Suwidin suka wallafa cewa sun ɗebi ƙwayoyin guringuntsin majiyyaci, sun raine su a ɗakin gwaji, sun mayar masa a gwiwa. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani irinsa mai suna MACI. Na masu rauni a wuri guda ne, ba zaizayar tsufa irin ta Inna ba. Wannan abin na sa masa suna guringuntsin raino. Wani ɗalibina ya ce guringuntsin roba, na ƙi, domin abu ne mai rai.

To, an raina. Ta yaya za a san ya yi kyau? Hanyar da aka saba ita ce a yayyanka shi siri-siri a rina da jan rini a duba a madubin likita, ko a narkar da shi a auna sinadaransa, ko a matse shi. Duk wanda aka yi wa haka ya tashi aiki. Wanda ka gwada daban, wanda za ka dasa wa mutum daban, kuma ko a kwano ɗaya aka raine su ba lallai su zo ɗaya ba.

Shi ne masana suke neman hanyar dubawa a bar shi da ransa. Akwai MRI, na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, domin kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na guringuntsi ruwa ne, na'urar kuma tana nuna yadda ruwan ke zaune a ciki. Akwai sautin da kunne ba ya ji, irin na sikanin ɗin masu juna biyu. Akwai haska shi da leza a karanta hasken da ya dawo, a gane ko kolajin, wato zaren furotin da ke ba guringuntsi ƙarfi, ya taru, dabarar da ta samo asali daga binciken C. V. Raman ɗan Indiya a 1928. Wasu ma ruwan da aka raine shi a ciki kawai suke aunawa.

Na fara da "gwaji marar lahani". Ƙanwata da ke aikin jinya ta ce, "Yaya, in ka faɗi haka majiyyaci zai ɗauka shi ne ba za a cutar ba, alhali guringuntsin ake nufi." Ta yi gaskiya. "Gwajin ba-yanka" kuma ya bar narkarwa da matsewa a waje.

Ranar Asabar na kai wa kawuna maganar. Bai ce komai ba, ya jawo wata sabuwar tukunyar ƙasa daga gindin randa, ya lanƙwasa yatsa ya buga mata sau biyu. Ta yi ƙara tas. Ya ce, "Ɗana, wa ka taɓa gani ya fasa tukunya don ya san ko ta gasu? Ƙwanƙwasawa ake yi." Haka mai sayen kankana yake yi in ba ya son a tsaga masa, haka mata suke tsoma ƙwan zabi a ruwa su ga ko zai nutse.

Na kwana da wannan. Ƙwanƙwasa ta dace da sauti sosai, ka aika ƙara ka saurari amsa. Amma haske ba ya ƙwanƙwasa komai, kuma auna ruwan raino bai ma taɓa guringuntsin ba. Saboda haka inda na tsaya shi ne: a rubuce mu ce gwajin ba-ɓarna, a matsayin sunan da ya tattara duka, na sauti kuma mu kira shi gwajin ƙwanƙwasa. Ɓarna ta ɗauki yanka da narkarwa da matsewa gaba ɗaya, kuma manomi ma ya san ta.

Abin da ya rage mini, maƙera da magina tukwane na wajen Argungu da Yauri, da 'yan'uwa na Gusau da Talatar Mafara: akwai sunan da kuke kiran bugun nan da ake yi wa tukunya kafin a saya? In akwai, shi nake so in ji kafin ranar bayanin.