Ɗana yana aji biyu bai iya haɗa baƙi ba, ina zan nufa?

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa mazauna Jidda. Ɗana mai shekara 8 yana aji biyu na ibtida'i, wato firamare, har yanzu baƙaƙen Larabci suna rikice masa, musamman ba da ta da sa, masu bambancin ɗigo kawai. Malaminsa ya ce a kai shi gwaji, wai ko yana da matsalar koyo.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a gida Hausa muke yi, a unguwa Larabcin Hijaz yake ji, littafin makaranta kuma fusaha ce zalla, wato daidaitaccen Larabci. Gwajin ma da Larabci za a yi, to ta yaya za a gane harshe ne ya tsare shi ko lalura ce? Ga shi sai na kira shi sau uku kafin ya waiwayo, shi ya sa nake zargin kunne. Kakarsa dai ta ce ƙiriniya ce.

Wata cibiya mai zaman kanta ta faɗi kuɗin da ya fi ƙarfin albashin babansa na direba. Igamarmu, wato takardar izinin zama, tana da rai. Don Allah, wa ya san inda ake awon ji da rahusa, ko malamin da yake jin Hausa? Kunnen zan fara dubawa ko gwajin?