Neman shawara: na ɗora wa cron tura saƙon farashi, ya cika wayoyin kwastomomin kawu

Mai neman shawara, Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Na jefa kaina cikin wani hali ne, ina neman masu ilimi su tsamo ni.

Kawuna dillalin albasa da tattasai ne a nan kasuwar Mile 12. Yana da kwastomomi 85, yawancinsu masu gidajen abinci da 'yan sari daga Ketu, Ojota, Ikorodu har Surulere, kuma kullum da safe sai sun kira sun ji yadda buhu ya kwana. Sai na rubuta masa ɗan shirin kwamfuta da harshen PHP: yaronsa ya shigar da farashin ranar, shirin ya tura wa kowa saƙon tes. Wata huɗu da hannu nake tayar da shi. In na idar da Asuba sai in buɗe adireshin fayil ɗin a wayata, saƙo ya tafi. Ranar da muka kwana biyu ba wuta wayata ta mutu, saƙo bai fita ba, kawu ya aiko yaro har ɗakina. Nan na ce bari in nemi abin da zai riƙa yi da kansa.

Na shiga cPanel, shafin da ake sarrafa uwar garke (server) da shi, wajen da ake saita cron, wato abin da ke tayar da shiri da kansa a lokacin da aka sa masa, na sa wannan:

`* 6 * * * php aika_farashi.php`

Kwana biyu shiru, ko saƙo ɗaya bai fita ba. Sai na canza, na sa wget, umarnin da ke sauko da shafi daga intanet, ya riƙa buɗe adireshin kamar yadda nake yi a waya, na bar lokacin yadda yake. Jiya da safe abin ya tashi. Amma ba ƙarfe 6 ba, ƙarfe 7. Kuma bai tsaya ba, kowane minti sai ya sake turawa, har sau 19, sannan kuɗin saƙon ya ƙare. Wata Hajiya mai gidan abinci a Ojota ta kira kawu ta ce ko bashi yake binta. Garin neman gira na rasa ido. Yanzu na goge komai, na koma hannu. Don Allah ina kuskuren yake?

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka gode wa Allah da kuɗin ya ƙare, don da sai Hajiya ta karɓi 60 cif. Tauraron nan na farko shi ya yi maka wannan aiki.

Gurbi biyar ne kafin umarni, a jere: minti daga 0 zuwa 59, awa daga 0 zuwa 23, ranar wata daga 1 zuwa 31, wata daga 1 zuwa 12, sai ranar mako, inda 0 take Lahadi, 6 Asabar. Tauraro yana nufin "kowanne". To kai ka ce masa: kowane minti, a cikin awa ta 6. Shi kuma cron ba ya tambayar ko da gaske kake, abin da ka rubuta shi zai yi. Da `0 6 * * *` ka sa, sau ɗaya zai tashi.

Kuma ka leƙa babban folda ɗinka a uwar garken. Zan iya rantsuwa za ka tarar da aika_farashi.php.1, .2, .3 har kusan 60 a jibge. Haka wget yake, duk abin da ya buɗe sai ya ajiye kwafi in ba ka hana shi ba.

Mai neman shawara, Mile 12:

Innalillahi. Yaya na duba, suna nan reras. To batun ƙarfe 7 fa?

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

Agogon uwar garken ne ba na Legas ba. Mu a Najeriya muna gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, kuma galibin uwayen garke a kan UTC ake barinsu. Ƙarfe 6 ɗinta ƙarfe 7 ɗinmu ce. In kana da tashar buga umarni ka rubuta `date` ka ga abin da za ta ce. In UTC ce, ka sa 5 ka huta, don mu ba ma canza agogo. In kuwa ka ga agogon Amurka ko na Ingila ne, to ka sani su suna matsar da nasu da awa ɗaya sau biyu a shekara, Amurka a Maris da Nuwamba, Ingila a Maris da Oktoba, saƙonka zai riƙa gocewa tare da su. Kada kuma ka ruɗu da saitin lokaci na cikin PHP, wannan shirinka kawai ya shafa, cron bai san da shi ba.

Ɗan Agege:

Ni dai a ganina ka bar wget ɗin tunda ya yi aiki, ka gyara tauraron kawai. `wget -q -O /dev/null` sai adireshin, ba zai ƙara ajiye maka shara ba. Shekara biyu haka nake yi wa shafin wata makarantar Islamiyya a unguwarmu, ban taɓa samun matsala ba.

Malama, Idi-Araba:

Ɗan'uwa na Agege, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Naka wataƙila ba kuɗi yake ci ba. Nasa duk buɗewa ɗaya saƙo 85 ne, kuma adireshin a fili yake, duk wanda ya san shi zai iya dannawa. Ba ma sai mugu ba. Ya isa ya tura wa yaron kawu mahaɗin a WhatsApp, manhajar da kanta za ta leƙa shafin don ta nuna ɗan bayaninsa, saƙo ya tafi. Ga injunan da ke yawo suna lalube shafuka dare da rana. Abin da ke kashe kuɗi bai kamata ya zauna a bakin hanya ba. Ya fitar da fayil ɗin daga public_html, folda ɗin da kowa ke iya buɗewa ta intanet, gaba ɗaya, ya kira shi da php kai tsaye.

Shi ya kawo mu ga tambayar da ba a amsa ba: me ya sa layinsa na farko bai yi komai ba? Ƙanena, cron ba burauza ba ne. In ka buɗe fayil ta burauza, an riga an shimfiɗa maka komai, an kai ka cikin folda ɗin da fayil yake. Cron kuwa daga babban folda ɗinka yake farawa, ba ya karanta saitin da kake samu in ka shiga da kanka, kuma wuraren da yake neman umarni kaɗan ne, yawanci /usr/bin da /bin. Ka ce masa aika_farashi.php, ya duba inda yake tsaye bai gani ba, ya koma ya kwanta. Kamar ka aiki baƙon da ya sauka daga tirela yau ka ce "je shagon Alhaji", ba layi ba lamba.

Saboda haka komai a ba shi cikakkiyar hanya. Ta php ɗin, wadda a cPanel galibi /usr/local/bin/php ce, da ta fayil ɗin. Har cikin shirin ma, in ka rubuta `require './config.php'` ko kana buɗe wani fayil da gajeren suna, ka mayar da shi `require __DIR__ . '/config.php'`. In kana amfani da `$_GET` ko `$_SERVER['HTTP_HOST']`, ka cire, babu su a nan.

Abu mafi muhimmanci kuma, ka sa shi ya riƙa rubuta abin da ya faru. Kwana biyun nan da ka ce shiru, ba shiru ya yi ba, ya yi ta ƙorafi ne ba mai ji. Cron imel yake turawa da duk abin da umarni ya fitar, in ba ka sa adireshi a cPanel ba sai ya tafi akwatin da ba ka taɓa buɗewa. Ga yadda zan rubuta:

`0 5 * * 1-6 /usr/local/bin/php /home/sunanka/ayyuka/aika_farashi.php >> /home/sunanka/farashi.log 2>&1`

Wutsiyar nan ta 2>&1 ita ke haɗa kurakurai da sauran bayani su shiga fayil ɗaya. 1-6 kuma Litinin zuwa Asabar, in kawu yana son Lahadi ma ka mayar da shi tauraro.

Ɗan Agege:

Malama na sallama. Batun WhatsApp ɗin nan bai taɓa zo min ba, bari in je in rufe nawa.

Dattijon rukuni, Obalende:

Allah ya yi muku albarka, kun yi bayani. Cron ɗin nan ya girmi yawancinku, wanda ke kan galibin Linux daga na Paul Vixie na 1987 ya samo asali, kuma har yau tauraron nan bai daina cin mutane ba. Ni ma ya ci ni.

Ɗana, abu ɗaya zan ƙara, kuma shi ne ainihin maganinka. Ko ka gyara layin, wata rana wani zai sake yin kuskure, ko kai ko wanda zai gaje ka. Ka sa shirin da kansa ya ƙi turawa sau biyu. Ka buɗe ɗan tebur a rumbun bayananka, duk lambar da aka tura wa saƙo a rubuta ta da kwanan wata, kafin turawa ya duba. Da kana da wannan, ko sau 60 cron ya kira shi, Hajiya saƙo ɗaya za ta gani. Kuma in ya yanke a mutum na 40 saboda intanet, ka sake tayar da shi ya ci gaba daga na 41. In uwar garken tana da flock, ka sa `flock -n /tmp/farashi.lock` a gaban umarnin, don kada na biyu ya tashi na farko bai gama ba.

Gwaji kuma kada ka yi shi a kan kwastomomi. Ka bar lambarka kaɗai a jerin, ka sa `*/5 * * * *` ya riƙa tashi duk minti biyar, ka zauna kana kallon farashi.log. Sai ka gamsu ka mayar da lokacin gaskiya. In wata rana ka koma buga umarni da hannu, ka kula: `crontab -e` gyara ne, `crontab -r` gogewa ne gaba ɗaya ba tare da tambaya ba, ga e da r maƙwabta ne a allon rubutu. Alamar % ma in ta shiga layin cron sai an sa mata \ a gaba, in ba haka ba yanke layin take yi.

Alhaji mai tumatir, Mile 12:

Ni ban san cron ba, ɗana ne ya sa ni a rukunin nan. Amma yaro, ƙarfe 6 wa ya san farashi? Sai an ga motoci nawa suka kwana a hanya, nawa suka shigo, an sauke an fara ciniki. Da hannu kake turawa kana iya jira. Injin nan naka in yaron bai shigar da na yau ba, na jiya zai tura? Ka sa mutum ya taso daga Ikorodu da kuɗin jiya a aljihu ya tarar buhu ya hau, kawunka za a kira maƙaryaci ba kwamfuta ba.

Malama, Idi-Araba:

Alhaji ya fi mu gaskiya duka. Ka sa sharaɗi a farkon shirin: in kwanan watan farashin ba na yau ba ne, kada ya tura wa kowa, ya turo maka kai kaɗai cewa ba a shigar ba.

Mai neman shawara, Mile 12:

Jama'a Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Ga inda aka kwana. `date` ta nuna UTC, kamar yadda Yaya ya faɗa. Na kwashe fayil ɗin daga public_html, na sa layin Malama a kan duk minti biyar, da lambata kaɗai. Bayan minti biyar na buɗe farashi.log, sai ga shi ya rubuta ɓaro-ɓaro bai ga config.php ba. Na sa `__DIR__`, zagaye na gaba wayata ta yi ƙara. Na yi teburin da Baba ya ce, na bar shi yana tashi duk minti biyar har awa ɗaya, saƙo bai sake shigowa ba.

Na kai wa kawu maganar Alhaji, ya ce ai dama shi 7:30 ya fi masa, ni ne na ƙaƙaba 6 don ta dace da tashina. Yanzu layin ya fara da `30 6 * * 1-6`. Kuɗin saƙonni guda 1,615 da suka tafi ya ce a albashina zai cire, Hajiyar Ojota kuma ya ce ni zan kai mata albasarta gobe da kaina in ba ta haƙuri. Saura fayilolin wget ɗin nan, Yaya, in goge su duka ba abin da zai taɓa ko?

Mai gyaran kwamfuta, Ikeja:

Goge masu lamba a ƙarshe da wanda ke babban folda. Na cikin ayyuka kada ka kusance shi.