An ce AFP ɗin Baba ya hau, kansar hanta ce?

Ummin Khalil, Jos:
Salam 'yan uwa. Babanmu yana da hefatitis B kusan shekara 15, jiya aka yi mai gwajin jini likita ya ce AFP ɗinsa 38, wallahi tun jiya ban runtsa ba, shi kenan kansa ce ko?

Ɗan Bukuru:
Anti ki kwantar da hankalinki. AFP furotin ne da hantar jariri ke yi tun yana ciki, a babba yawanci ƙasa da 10 yake, amma kumburin hanta kaɗai na iya ɗaga shi ba tare da kansa ba, ko mai juna biyu nata yana hawa. In ya wuce 400 ne likitoci suka fi tsorata. Kuma akwai masu kansar da nasu bai hau ba sam, shi ya sa ake haɗawa da hoton hanta duk wata 6. Wasu wuraren suna gwajin PIVKA-II ma, shi ma gwajin jini ne na neman alamar kansar hanta.

Maman Sadiya:
Allah ba Baba lafiya. Ku tambaya a auna yawan ƙwayar cutar a jini, don ita B tana cusa DNA ɗinta cikin ƙwayoyin hanta, tana iya jawo kansa ko hantar ba ta ƙandare ba. Mijina tenofovir, maganin hefatitis B, yake sha kullum. Sannan ku kiyayi gyaɗa da masara masu funfuna, gubar aflatoksin da ke cikinsu tana lalata ƙwayar halittar TP53 mai kare jiki daga kansa, haɗuwarta da B ba kyau ko kaɗan.

Ummin Khalil, Jos:
Na gode, Litinin za mu je hoton in sha Allah. Mu 'ya'yansa ma za mu yi gwaji.