Wai a da matan Kano ba sa neman kuɗi?

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Na ji an ce Auta za ta kama shago a Kantin Kwari. Ni dai ban goyi baya ba. Tun kaka da kakanni mace a Kano gidanta ta sani, girki da tarbiyyar yara da kula da miji. Neman kuɗi na namiji ne, wannan fitar duk zamani ne ya kawo ta.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Babba, kana ƙarami Hajiya ta rasu, shi ya sa. Mahaifiyarmu ta yi rayuwarta a kulle a Yakasai, ko unguwa za ta je sai bayan magariba, amma ba ta taɓa zama hannu rabbana ba. Kafin kiran assalatu ta hura wuta ta soya gyaɗa, a daka, ta matse mai, ta murza tunkuza ta yi ƙuli-ƙuli. Har yau ina ganin tafin hannunta yadda ya yi kanta. Da la'asar kuma ta ɗauki allura ta hau ɗinkin hula. Da kuɗin adashinta ta yi mana kayan ɗaki mu huɗu, samira da langa har da tabarmi. Baba gado kawai ya saya.

Yaya Babba: Allah ya jiƙanta. Amma Gwaggo, ai Hajiya a cikin gida ta yi, ba ta zauna tsakiyar maza a kasuwa ba. Abin da nake faɗa ke nan.

Kawu: Amin. Babba, ƙuli-ƙulin nan ba da ƙafarsa yake zuwa kasuwa ba. Gwaggonka ce take ɗora faranti a ka, tun daga Yakasai har bakin kasuwar Kurmi, tana 'yar shekara 9. Ni aka sa ni a boko, ita talla ta riƙe ta. Kullen uwa, 'yarta ce take biyan kuɗinsa. Wannan abin yana ci mini rai har gobe.

Gwaggo: Haka ne Yaya. Sai da na haifi na uku na iya rubuta sunana, a makarantar matan aure. Ba na so jikokina su maimaita.

Auta: Yaya, ka yi haƙuri in sa baki. Ko a harkar jama'a ma ba a bar mu a baya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilmantar da mata. Tana naɗa jaji, wato malama mai jagorantar mata, ta ba ta malfa, ta tura ta ƙauyuka tana karantar da mata. A nan Kano kuma wa bai san girman Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar Sarki, a fada ba?

Kawu: Kullen ma yana da mafari. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara shi a fada. Kuma matarsa Madaki Auwa, uwar Sarki Abdullahi, ta yi ƙarfin faɗa a ji har zamanin jikanta Kisoke.

Yaya Babba: Waɗannan 'ya'yan malamai ne da matan sarakuna, Kawu, ba da su za a auna kowa ba. Tsorona ɗaya ne: da zarar mace ta fara samu, sai miji ya sakar mata cefane. Ga shi muna gani a unguwa. Alhali shari'a ta ɗora masa ci da sha da sutura, dukiyarta kuma tata ce.

Gwaggo: A nan kam ka faɗi gaskiya, kuma ba yau aka fara ba. Sau nawa Baba zai ajiye dawa ya fita, kuɗin miya daga asusun Hajiya yake fitowa? Amma mazan da suka saki nauyinsu za ka yi wa faɗa, Babba, ka bar yarinya ta nemi halalinta.

Yaya Babba: To me zai hana ta sayar daga gida ta waya, kamar yadda mata da yawa suke yi yanzu? Ta ɗora hoton atamfa, mai Adaidaita ya kai.

Auta: Shekara biyu ina yin haka, Yaya. Masu sari daga Nijar sai sun taɓa yadi da hannu suke yarda. Mijina ya amince, kuma da hijabina zan zauna.

Yaya Babba: Har yanzu raina bai kwanta ba. Zan zo mu yi magana da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Gwaggo: Ku yi. Ni ce da kwasar adashi wannan watan. Auta, ki turo a karɓar miki, ki ƙara a jari.