Hutun Hunturu a Jirgin Ruwa

Da muka tattauna batun a majalisarmu ta Tudun Wada, Zariya, maganar biza ce ta fi daukar lokaci. Jirgi ɗaya yakan tsaya a ƙasashe uku ko huɗu, kuma mai fasfo ɗin Najeriya sai ya tabbatar da izinin shiga kowace. Wanda ya taɓa zuwa ya ce a Disamba gara Dubai, Doha da Maskat a kan yankin tekun Bahar Rum, don sanyin can ya fi hunturunmu cizo. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa. A nemi abincin halal tun wajen biyan kuɗi. Alƙibla kuwa tana juyawa idan jirgi ya juya, a duba kafin kowace sallah.