Neman Tarihin Kaka a Legas: Abin da Dattawa Suka Ce

A wani zama da aka yi a Agege kan yadda za a gano tarihin uwa ko kaka, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara da sunanta na yanka, domin kunya ta sa mata da dama sun rayu har sun rasu ana kiransu Inna, Hajiya ko Uwargida, jikokinsu ba su taɓa jin sunan ba. Tsofaffin mata, musamman kishiyoyinta da ƙawayenta, sun fi maza riƙe irin wannan, saboda haka a gaggauta zama da su.

Game da shekaru, dattawa sun ce kada a tambayi lamba, a tambayi abin da ya faru: an ɗaura aurenta kafin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, ko sadakinta da fam aka biya, wato kafin naira ta shigo a 1973? A ganina wannan dabarar ta fi kowace amfani. Wasu sun ƙara da duba fasfon aikin Hajji da bayan tsofaffin hotuna, sannan a je garinsu na asali a Arewa, inda dangin mahaifinta suke.